Karbonil a shingen katako: abin da na gani bayan damina uku a Garwa

Salamu alaikum jama'a. Duk wanda ya biyo ta gefen filina sai ya tsaya ya tambaye ni wai me na shafa ma shingen nan ya yi duhu haka kuma har yanzu yana tsaye cak, alhali na maƙwabta da muka kafa kusan lokaci ɗaya wasu sun kwanta wasu an tokare su da sanduna. Na gaji da maimaita bayani a tsaye cikin rana shi yasa nace bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Sunan abin karbonil, a shagunan kayan gini ake saida shi, waɗanda muke ce ma kankayeri. Tun daga farko in faɗa muku, ni dai ya min aiki kuma zan sake saya, amma yana da illoli da ba wanda ya gaya min sai da na gani da idona, kuma in ba a san yadda ake sa shi ba wallahi asarar kuɗi ce kawai.

Fili ne ɗan madaidaici nake da shi can bayan unguwar Jambutu a nan Garwa, arewacin Kamaru, mita 20 a 15, na dasa mangwaro da lemun tsami da gwaiba, maman yara kuma tana shuka folere, wato yakuwa, da kuɓewa da damina. Kuɗin zagaye shi da bulo babu, duk da siminti ana yin shi nan kusa da mu a Figil ba wai araha yake ba, ga ƙarfe ga yashi ga magini. Zana da darnin kara kuma kun san halinsu, shekara ɗaya an gama, awaki su ci rabi iska ta kwashe rabi. Toh sai na yanke shawara a 2021 in yi na katako, turaku 35 na itacen turare, aka gicciya masu sanduna sannan aka buga falankai a tsaye. Ranar da aka gama har hoto na ɗauka na tura ma ƙanina a Marwa ta WhatsApp dan ya yi kyau sosai, fari tas.

Damina biyu kawai ya yi.

Ranar da na gane abin ba zan manta ba, bayan la'asar ne na je ban ruwa na jingina da turke ɗaya ina cire takalmi sai naji ya tafi da ni a hankali kaman ba a binne yake ba. Na ɗago shi da hannu ɗaya. Daga sama lafiyayye ne, ko tsaga babu, amma daidai inda ya haɗu da ƙasa ya zama kaman soso, na sa yatsa ya shige, ciki duk jar ƙasa ce gara ta cika wurin da ita, ga su nan farare suna ta gudu suna ɓuya. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya ina girgizawa, fiye da rabi haka suke. Falankan kuma wasu saura ɓawo kawai, ka ƙwanƙwasa kaji kaman ganga. Raina ya ɓaci sosai ranar, dan kuɗin da na tara ne na wata da watanni, kuma cikin satin awaki suka shiga suka cinye min dashen gwaiba guda huɗu.

Laifin farko na katakon ne kuma ni na zaɓe shi da kaina saboda sauƙin kuɗi. Katakon da muke saya a nan arewa ai ba namu bane, daga dazukan kudu da gabas yake zuwa, wani jirgin ƙasa ya kawo shi Ngaundare inda layin dogo ya ƙare sannan kamiyo, wato manyan motocin kaya, su gangaro da shi Garwa, wani kuma a mota tun daga can. Kafin ya iso kuɗin hanya ya hau kansa, shi yasa yawancinmu farin katako muke iya saya, irin su ayus. Shi ayus mara nauyi ne, yana da daɗin aiki, ƙusa na shiga ba gardama, amma a wurin gara da ƙwarin da ke huda katako tuwo ne da miya. Jan katako irin iroko yana jurewa sosai sai dai wa zai yi shingen mita 70 da iroko. Iyayenmu da kirya suke dirka da azarar giginya, waɗannan gara bata cika damunsu ba, amma yanzu ina kiryar take, in ma ka samu sai ka yi da ma'aikatan gandun daji kuma gaskiyarsu ne dan itatuwan sun ƙare.

Wani dattijo kafinta ne a unguwarmu ya sa ni a hanya, na je masa da guntun turken a leda. Ya juya shi ya duba yace "ɗana, ai kai abinci ka kai musu har gida, ko gishiri baka hana su ba." Nace Baba to yanzu ya za a yi, ni bani da kuɗin bulo. Yace a sake, amma wannan karon shi zai tsaya a kan aikin kuma sai na yi haƙuri dan ba aikin kwana ɗaya bane. Shi ya raka ni wani kankayeri kusa da babbar kasuwa. Mai shagon mutumin kirki ne, na ji daɗin yadda bai yi saurin cusa min kaya ba, sai da ya tambaya na cikin ɗaki ne ko na waje. Yace in rufin ɗaki ne ko kujeru akwai magani mai ruwan fari irin su Xylophène da ba ya ɓata kalar katako, amma abin da zai shiga ƙasa ya sha ruwan sama karbonil ya fi dacewa. Ya buɗe bidon ɗin, wato jarkar man, a gabana na leƙa, ruwa ne mai duhu tsakanin baƙi da ruwan ƙasa, ya fi gazuwal, wato man dizal, kauri, warinsa kaman lokacin da ake zuba kwalta a titi. Asalinsa ma daga nan ne, daga kwaltar gawayin ƙasa ake fitar da irin wannan mai, dangin wanda ake jiƙa katakon layin dogo da turakun wayar lantarki da shi. In kun taɓa tsayawa kusa da tsohon turken lantarki na itace da rana tsaka kun ji wani wari, to shi ne.

Lita 30 aikin ya ci gaba ɗaya, kuma da na lissafa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin katakon ba.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau dan nan ne mutane suke faɗuwa. Yawanci abin da ake yi sai an gama kafa shinge tsaf sannan a ba yaro buroshi ya bi yana shafawa kaman fenti, ya yi baƙi a ido mai shi ya ji daɗi. Baba yace wannan kwalliya ce, gara ba ta sama take zuwa ba, gidanta a ƙasa yake, ta ƙarƙashi take shigowa inda buroshi bai taɓa kaiwa ba. Abu na farko da ya sa muka yi shi ne shanya. A watan Janairu ne, hunturu na kaɗawa, muka ɓare ɓawon turakun tas muka jera su kan duwatsu a inuwa sati uku, ba a rana kai tsaye ba dan kar su tsattsage. Yace ɗanyen itace cike yake da ruwa, wanda ya ƙoshi kuma ba ya cin wani abinci, man ba zai samu wurin shiga ba. Bayan sun bushe ya kawo rabin durom ya zuba karbonil kaman tsawon taƙi ɗaya, aka tsayar da turaku goma sha biyu a ciki gindinsu a ƙasa aka jingina kawunan da bango. Ya ɗauki gwangwanin tumatir da ya ɗaure a sanda yana ɗiba yana kwarara ma kowanne daga wajen santimita 80 ya gangaro ya koma cikin durom ɗin, ba ɗigo ɗaya da ya zuba a ƙasa. Sai aka bar su suka kwana a ciki. Da safe da na zo man ya ragu sosai, nace Baba ko durom ɗin na yoyo ne, yayi dariya ya ɗauko zarto ya yanke ɗan guntu daga gindin turke ɗaya ya miƙo min. Baƙin ya shiga ciki ya hau ta jijiyoyin itacen kaman yadda lagwani ke jan kananzir. Yace bakin da aka yanka nan ne maƙogwaron itace, abin da zai sha ta nan a dare ɗaya ko ka shekara kana shafa ma gefe ba zai sha ba. Dare uku muka yi kafin turaku 35 su gama.

Ramin kuma santimita 60 ya sa aka haƙa, aka fara zuba tsakuwa a ƙasa kafin a sa turke dan ruwa ya samu wurin tsiyayewa, kuma ya tabbatar baƙin ya fito sama da ƙasa da kusan taƙi guda, dan daidai wuyan nan inda iska da danshi suke haɗuwa nan ne itace yake fara ruɓewa. Ni naso a zuba kankare a kowane rami, ya hana, yace kankare in ya rungume gindin itace har ƙasa ya zama kofi, ruwa ya shiga ba ya fita. A kusurwa huɗu da bakin ƙofa kawai ya yarda aka sa, shi ma ya bar ƙasan a buɗe kan tsakuwa, saman kuma ya karkata shi yadda ruwa zai gangara waje. Kan kowane turke ya yanke shi a karkace ya shafe da man sau biyu. Falankai bai bari ko ɗaya ya taɓa ƙasa ba, ya bar tsakani kaman yatsu huɗu, kuma an shafe su gaba da baya da bakunansu tun kafin a buga, har inda zasu kwanta kan sandar gicciye. Wani abu da ban taɓa tunani ba, duk inda ya sake yankawa da zarto ko ya huda sai ya tsaya ya ɗiga ma wurin mai kafin ya ci gaba. Aikin ya ɗau lokaci har na fara ƙosawa, amma yau ina masa addu'a, Allah ya saka masa da alheri ya ƙara masa lafiya.

A farkon 2023 aka yi wannan. Ya sha zafin Maris da Afrilu na Garwa da kuka sani wanda ke wuce digiri 40, ya sha damina uku, ciki har da ta 2024 da ruwa ya yi ɓarna a Yagwa da Chadi, mu ma nan gefen filin ruwa ya kwanta kwana da kwanaki. Watan jiya na bi turakun duka da sukundireba ina tona gindin kowanne ina sokawa. 32 ƙarfen baya shiga ko kaɗan. Gara ta zo, ba wai bata zo ba, na ga hanyarta ta ƙasa da take ginawa ta hau kan turaku biyu kaman tsawon yatsa sai ta tsaya, na kankare na tarar ba kowa a ciki kuma itacen bai ciwu ba. Wannan kaɗai ya ishe ni shaida.

Saura ukun kuma labarinsu daban, kuma shi ne abin da ya fi min ciwo. Ana cikin aiki man ya ƙare saura turaku uku da ƴan falankai, ranar kuma Juma'a ce an rufe shagon, sai na tsaya wurin wani mai tebur a bakin hanya da ke saidawa a gorunan ruwa na roba, yace min ai duk ɗaya ne kuma nasa ya fi sauƙi. Da na kawo Baba ya jijjiga gorar ya shinshina yace "wannan an yi masa wanka da gazuwal." Ruwa-ruwa ne kaman shayi, a kan katako yana bushewa nan da nan ya bar ɗan ja-ja kawai. Dan kar aiki ya tsaya muka sa shi haka. To su ukun nan ne yanzu wuyansu ya fara laushi, ɗaya ma sai na canza shi bana. Araha bata ado. Dan Allah in zaku saya ku sayi bidon da yake a rufe da hatiminsa a shagon da zaku iya komawa ku yi magana in an samu matsala, ku sa a buɗe a gabanku.

Illolinsa kuma ba zan ɓoye ba. Na farko wari, kusan wata ɗaya in rana ta take wurin baya zaunuwa, har wata Inna maƙwabciyata ta aiko jikanta wai kanta na ciwo, naje na bata haƙuri nace Inna ki gafarce ni kwana kaɗan ne zai lafa. Saboda haka ni ban ba kowa shawara ya sa shi a shingen da ke jikin ɗakin kwana ko kicin ba, balle cikin ɗaki. Na biyu yana ƙona fata. Yaron Baba mai taya shi aiki ya cire safar hannu dan zafi, man ya fallatsar masa a damtse ya goge da tsumma ya ci gaba da aiki cikin rana, kafin magariba wurin ya yi ja ya kumbura kaman an zuba masa ruwan zafi, sai da muka kai shi aka duba shi aka bashi man shafawa, daga baya fatar ta saɓule. Haka yake, in ya taɓa jiki rana ta buga sai ya ninka. A sa riga mai dogon hannu da safar roba mai kauri da kashne na rufe hanci da baki, a yi aikin da sassafe ko da yamma, in ya taɓa ka ka wanke da sabulu nan take. Ba abin wasa bane, irin wannan man na kwalta a ƙasashen Turai tun 2003 aka hana saida ma mutanen gari shi sai masu sana'ar kawai, saboda yana cikin abubuwan da ke iya jawo ciwon daji in jiki ya daɗe yana haɗuwa da shi. Mu nan yana kan kanta kowa na iya saya, to sai mu kula da kanmu.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne guntayen. Bayan an gama aiki na dawo na tarar yara sun tattara ragowar katakon da aka yanke zasu kai gida a hura wuta, dan yana kamawa da sauri. Na karɓe duka. Hayaƙinsa guba ne, kar a dafa abinci da shi kar a gasa nama ko masara, kuma bidon ɗin in ya ƙare a huda shi dan kun san mu da bidon, gobe sai ka gan shi da ruwan sha a ciki. Gefen da rijiyata take kuma da gangan muka ja shingen baya, kuma ba a shuka ganyen miya a jikin turakun, maman yara ta bar kaman taku biyu tsakani. Masu garken awaki ko tumaki su ma su yi tunani dan dabba na lasa tana gwaguyar katako.

Sannan in kana son shinge mai kala, fari ko shuɗi, manta da shi. Fenti baya zama a kansa, na gwada a ƙofa, sati biyu baƙin ya huda fentin ya fito tabo-tabo. Kalarsa kenan, da farko baƙi, bayan shekara rana ta mai da shi ruwan ƙasa mai duhu, ni dai yana min kyau haka.

Wasu zasu ce ai baƙin mai na vidanj, wanda ake juyewa daga injin mota, ma yana yi kuma kusan kyauta ne a gareji. Maƙwabcina da shi ya yi. Gaskiya yana korar ruwa a shekarar farko, amma ba maganin gara bane, nasa ta ci shi ta ciki ta bar baƙin a waje, ga shi kullum yana maiƙo yana ɓata riga, ƙasar gindin kuma ta mutu ko ciyawa bata fitowa. Ƙona gindin turke a wuta kaman yadda ake yi a ƙauye shi ma yana ɗan taimakawa wurin ruɓa, na ga Baba ya yi ma wani da bashi da kuɗin mai, amma da bakinsa yace masa kar ya sa rai da yawa.

Ko da karbonil ɗin ma ba wai ka sa ka juya baya bane. Abin da nake yi duk shekara ba yawa, in ruwa ya ɗauke wajen Nuwamba katako ya bushe sai in ɗau rana ɗaya in nome ciyawar da ta taso a jikin shingen in kwashe ganyen da iska ta tara, dan su ne ke riƙe danshi kuma su ne gadar da gara ke hawa ta tsallake wurin da aka jiƙa. Ƙasar da ruwa ya turo ta taɓa falankai in janye ta. In tona wuyan kowane turke kaɗan in bar shi ya sha iska kwana biyu sannan in kwarara masa mai in mayar da ƙasa. Hunturu da zafin bazara suna tsaga katako, to duk sabuwar tsaga ƙofa ce, ina ɗura mata mai da tsohuwar gorar roba da na huda ma murfi. Ƙusar da ta ɗago in mayar, wadda ta yi tsatsa ta ci katakon kewaye da ita in cire in sa wadda aka yi ma ruwan tutiya, ta ɗan fi tsada amma bata zubar da jan hawayen nan a jikin falanki. Lita 5 na isata wannan zagayen har da saura. Kuma na daina jingina itacen girki ko kara a jikin shingen, na hana yara ma.

Wurin da har yanzu ban gama da shi ba shi ne turken ƙofa. Shi ba gara ba ce, nauyin ƙyauren ne ke jan shi kullum yana karkata, ga yara na lilo a kai in sun zo ɗiban mangwaron maƙwabta. Baba yace bana in Allah ya kai mu bayan an gama girbi zai nemo min guntun azarar giginya mu sa a wurin, mu ƙara ma ƙyauren sanda a karkace daga ƙasa zuwa sama, sai mu canza ɗaya daga cikin ukun nan a rana ɗaya tunda durom ɗin na nan a ajiye.